Yadda za ka sa burauzarka ta yi bincike kamar 'yar Legas

Tambayar yadda za a sa burauza ta riƙa kawo sakamakon gida ta yi yawa, shi ya sa na zauna na rubuta amsarta gaba ɗaya. Wani ya tare ni bayan sallar Juma'a a Agege, wata ta turo saƙon murya, wani kuwa wayar kawai ya miƙo mini ya ce, "Malam, duba mini, ta daina jin magana." Kowa da yadda yake faɗar damuwarsa, amma ciwon ɗaya ne. Ka rubuta abu a burauza sai wani shafin da ba ka taɓa gani ba ya amsa maka, ko kuma amsar ta zo da farashi a dala da fam, da shagunan da sai ka hau jirgi kafin ka isa ƙofarsu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne dillalin tumatir a kasuwar Mile 12. Yana jiran mota daga arewa, yana so ya san ko za a yi ruwa kafin a sauke kwanduna. Ya nemi yanayin Legas, sai waya ta nuna masa sanyi da hoton fararen gidaje a bakin teku. Ya juyo da fuskar wayar wajena, zufa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Ɗana, yaushe aka fara sanyin Jos a Ikko?" Na ce, "Baba, ai wannan ba Legas ɗinmu ba ce." Akwai wani gari mai suna Lagos a kudancin Fotugal, can wayar ta kai shi. A samanta ga ɗan hoton makulli: VPN ne, wato manhajar da ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa, da ɗansa ya sa don ya riƙa leƙa Twitter lokacin da gwamnati ta rufe ta a 2021. An buɗe Twitter a watan Janairun 2022, VPN ɗin kuwa ba wanda ya sake tunawa da shi.

Ka riƙe wannan kafin mu shiga matakai. Manyan injinan bincike duk ba 'yan gida ba ne, Google da Bing daga Amurka suke. Abin da ke mayar da injin "na gida" shi ne ya san inda kake tsaye da irin shafukan da kake so ya fara kawo maka. Canza sunan injin rabin aiki ne kawai, kuma a nan mafi yawan mutane suke tsayawa.

Abin da za ka tanada

Waya ko kwamfuta mai caji, kada ka fara da batir yana ja alhali ba wuta a unguwa. Data kaɗan, abin da bai kai na kallon gajeren bidiyo guda ba. Idan kana shakka ka danna *323# ka ga abin da ya rage, lambar ɗaya ce a duk layukan. Sai biro da takarda, ko ka ɗauki hoton fuskar waya kafin ka taɓa kowane saiti, don ka san yadda za ka mayar idan ka ɓata.

Kuɗi kuwa ko sisi. Babu burauzar da ke karɓar kuɗi don ka canza injin bincike. Idan ka kai wa mai gyara a Computer Village, ladan lokacinsa za ka biya, ba kuɗin wani kaya ba, kuma kuɗin motarka zuwa Ikeja ma ya ishe ka asara. Minti goma ya isa.

Mataki na 1: Gane burauzarka

Burauza daban, injin bincike daban. Burauza ita ce motar, injin bincike shi ne kwandastan da ke ce maka ga inda za a bi. Chrome, Opera Mini, Phoenix, Samsung Internet, Safari, Edge da Firefox duk burauza ne. Google, Bing, DuckDuckGo, Yahoo da Ecosia injina ne. Kana iya hawa Chrome ka ɗauki Bing, kana iya hawa Edge ka ɗauki Google.

Dubi tambarin da kake dannawa kullum idan za ka shiga intanet. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel suna zuwa da Phoenix a ciki tare da Chrome, Samsung na zuwa da tata, iPhone kuma da Safari. Mutum na iya samun burauza uku a waya ɗaya bai sani ba, kuma kowace da nata saitin. Idan ka gyara ɗaya, sauran suna nan yadda suke.

Hattara: dogon akwatin Google ɗin nan da ke kwance a fuskar farko ta wayar Android ba burauza ba ne, manhajar Google ce. Duk canjin da za ka yi a Chrome ba zai taɓa shi ba. Mutane da yawa sun dawo mini suna cewa aikin bai yi ba, ashe a wannan akwatin suke gwadawa.

Mataki na 2: Cire abin da ke ɓoye inda kake

Kada ka tsallake wannan. Ja saman fuskar waya ƙasa ka duba ko akwai hoton makulli ko haruffan VPN. Idan akwai, buɗe manhajar ka kashe ta. Idan ba ka san wacce ba ce, shiga Settings na wayar, ka rubuta VPN a wurin nema, zai nuna maka wanda ke aiki. Wasu burauza ma suna da nasu VPN a ciki, kamar Opera, sai ka duba can ma.

Sai maganar wayoyin tokumbo. Wayar da aka yi amfani da ita a Ingila ko Amurka takan zo da ƙasarta ta asali a saiti. A iPhone ka shiga Settings, sai General, sai Language & Region, ka mayar da Region zuwa Nigeria. A Android ka nemi Language a cikin Settings, idan ka ga Turancin Ingila ko na Amurka ne a sama, ka zaɓi na Najeriya in akwai shi a jerin.

Hattara: idan wayar ta aiki ce, ko kwamfutar ofis ce, mai yiwuwa kamfanin ne ya sa VPN da gangan. Kada ka cire, ka tambayi mai kula da na'urorin ofis tukuna.

Mataki na 3: Zaɓi injin da za ka zauna da shi

Zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana. Idan abin da kake nema na kusa ne, wato kemis a Idi-Araba, mai walda a Ojota, hanyar da za ka bi daga Obalende zuwa Apapa, Google ya fi sauran sanin lungunan Legas, don taswirarsa da jerin shagunan da ke kanta sun fi cika. Yana kuma da fuskar Hausa, tare da Yarabanci, Ibo da Turancin Buroka.

Bing na Microsoft ne, shi ke zuwa a kafe cikin Edge. Ba laifi wajen hotuna da labarai, amma a kan ƙananan wuraren cikin gari yakan yi ƙasa. Yahoo daga Bing yake ɗebo sakamakonsa, don haka kusan abu ɗaya za ka gani. DuckDuckGo ma yawancin sakamakonsa daga Bing ne, bambancinsa shi ne ba ya tara tarihin abin da ka nema da sunanka. Ni kaina can nake zuwa idan maganar ciwo ce ko bashi, irin abin da ba na so gobe in ga tallarsa tana bina. Ecosia kamfanin Jamus ne da ke sa ribar talla a dashen itatuwa. Yandex na Rasha ne, sai dai idan kana da dalili na musamman.

Hattara: injin da ba ya tara tarihinka bai ɓoye ka daga kowa ba. Kamfanin layinka yana iya sanin shafukan da ka shiga, kuma burauzar da kanta tana ajiye tarihi a wayar. Idan waya ɗaya kuke amfani da ita da iyali, wannan tarihin ne yara za su gani, ba na injin ba.

Mataki na 4: Canjin a waya

Idan Chrome ce a Android, buɗe ta, danna ɗigo ukun da ke sama ta dama, zaɓi Settings, sai Search engine. Jeri zai fito da ɗan da'ira a gefen kowane suna. Taɓa wanda kake so, ka koma baya. Babu maɓallin adanawa, da ka taɓa ya zauna.

Idan wanda kake so ba ya cikin jerin, akwai dabara. Shiga shafinsa, ka yi bincike ɗaya ko biyu a cikinsa, sannan ka dawo Search engine. Sau da yawa za ka same shi a ƙasa ƙarƙashin Recently visited. Ba kowane shafi ke amsa wannan ba, kuma Chrome ta waya ba ta barin ka rubuta adireshin injin da hannunka. Wanda ke son wannan 'yancin sai ya ɗauko Firefox, za mu zo kansa a mataki na 7.

Phoenix da Opera Mini suna yawan sauya wurin maɓallansu duk lokacin da aka sabunta su, don haka kada ka haddace hanya, ka haddace kalma. Shiga Settings na burauzar, ka nemi inda aka rubuta Search engine ko Search kawai. A Samsung Internet ka danna layuka ukun da ke ƙasa ta dama, sai Settings, a can za ka ga Address bar search ko Search engine, gwargwadon sabuntar manhajar.

Hattara ga masu Opera Mini: sau da yawa ɗan tambarin da ke gefen akwatin rubutu yana ba ka damar sauya injin nan take, amma na wannan binciken ne kawai. Wanda zai zauna sai an shiga saiti. Sannan tsarinta na tsimin data mai tsanani yana bi da shafuka ta na'urorin kamfanin kafin su iso maka, shi ya sa wani lokaci shafi kan rikice game da inda kake. Idan ka ga haka, rage tsananin tsimin ka sake gwadawa. Na san tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 ba wanda ke son jin a rage tsimi, amma binciken rubutu ba shi ke cinye data ba, bidiyo ne.

A iPhone abin ya sha bamban, don saitin Safari ba a cikin Safari yake ba. Fita ka shiga Settings na wayar, ka gangara zuwa Safari. A sababbin iPhone sai ka fara shiga Apps kafin ka same ta. Danna Search Engine ka zaɓa tsakanin Google, Yahoo, Bing, DuckDuckGo da Ecosia. Iyakarsu ke nan, ba a ƙara wani. A ƙasansa akwai wani zaɓi daban na shafin sirri (Private ko Incognito, wanda ba ya ajiye tarihi a waya), kana iya ba shi injin dabam. Idan kuwa Chrome kake amfani da ita a iPhone, ɗigo ukun a ƙasa suke, daga nan hanyar ɗaya ce da ta Android.

Da ka gama, ka tabbata burauzar da ka gyara ita ce ke buɗe linki idan an turo maka a WhatsApp. A Android ka shiga Settings, Apps, Default apps, Browser app, ka zaɓe ta.

Mataki na 5: Canjin a kwamfuta

A Chrome, ɗigo uku a sama ta dama, Settings, sai Search engine a jerin hagu, ka danna Change ka zaɓa. A Firefox, layuka uku, Settings, Search, sai Default Search Engine. Waɗannan biyun ba su da wahala.

Edge ce mai ɓoye abin. Mafi sauƙi ka rubuta edge://settings a akwatin adireshi, sannan a wurin nema na cikin saitin ka rubuta address bar. Zai kai ka Address bar and search. Akwai akwatuna biyu a wurin, kuma dukkansu za ka taɓa. Na farko shi ne injin da akwatin adireshi zai yi amfani da shi, ka zaɓi naka. Na biyu yana tambayar inda binciken sabon shafi zai bi, ka mayar da shi Address bar. Idan ka bar na biyun, duk abin da ka rubuta a babban akwatin tsakiyar sabon shafi Bing zai tafi, ka yi ta mamakin me ya faru.

Hattara: wurin neman da ke kan layin ƙasa na Windows, kusa da maɓallin Start, Bing yake bi ko me ka canza a burauza. Ka bar shi don neman fayil, binciken intanet kuma ka buɗe burauza.

Mataki na 6: Gaya wa injin cewa a Najeriya kake

Nan ne ainihin aikin. Da can mutane kan ce ka rubuta google.com.ng sai ka sami sakamakon Najeriya. Wannan ya wuce. Tun 2017 Google ya daina duba ƙarshen adireshin, ya koma duba inda na'urarka take, a 2025 kuma ya sanar cewa adiresoshin ƙasashe za su riƙa juyawa zuwa google.com kai tsaye. Don haka idan ka rubuta na Najeriya ka ga ya koma ɗayan, ba kutse aka yi maka ba.

Ga yadda za ka kafa ƙasar da hannunka. Rubuta google.com/preferences a burauzar da ka gyara. Nemi Other settings, sai Language and region, sai Results region. Za ka tarar yana kan Current region, ma'ana ya bi duk inda ya zaci kana. Canza shi zuwa Nigeria ka tabbatar. Daga yanzu ko VPN ya kunna kansa, ko ka tsallaka Seme ka shiga Kwatano sayayya, sakamakon Najeriya zai ci gaba da kawo maka.

A wannan shafin ne kuma za ka ga Display language. Idan ka zaɓi Hausa, maɓallan Google za su koma Hausa. Wannan na da amfani ƙwarai ga iyayenmu, na sa wa wata Hajiya mai sayar da atamfa a Balogun, ta ce, "Yanzu ne na san abin da nake dannawa." Amma ka sani maɓallai kawai ya fassara. Idan ka yi tambaya da Turanci, shafukan Turanci zai kawo. Mai son amsar Hausa sai ya yi tambayar da Hausa.

Sai izinin wuri. Ƙasa daban, unguwa daban. In kana so "kemis kusa da ni" ya kawo na layinku ba na Lekki ba, sai ka kunna Location na wayar, kuma idan burauza ta tambaya ko ka yarda shafin ya san wurinka, ka amsa da Allow. Wanda ya taɓa danna Block cikin gaggawa sai ya koma Settings na Chrome, Site settings, Location, ya cire Google daga jerin waɗanda aka hana. In ba haka ba injin zai yi ta cinka ne daga layin da kake amfani da shi, cinkensa kuma yakan kauce. 'Yan'uwa a Kano da Kaduna sukan yi ƙorafin waya na ce musu suna Legas. Mu da muke cikinta aƙalla garin yakan dace, unguwar ce ke ɓata.

Bing ma yana da nasa. Danna layuka ukun da ke sama a shafinsa, Settings, ka nemi Country/region.

Hattara: idan ba ka shiga da asusunka na Google ba, wannan saitin a cikin burauzar kawai yake zaune, cikin ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa. Ranar da ka share bayanan burauza, ko wata manhajar share shara ta yi maka "gyara", ya tafi, sai ka sake. A shafin sirri ma ba ya bin ka. Kuma kada ka riƙa ba kowane shafi izinin wurinka don kawai ya tambaya. Injin bincike da taswira sun isa, shafin saukar da waƙa ba ruwansa da inda kake kwana.

Mataki na 7: Haɗa naka injin na gida

Wannan na masu son su wuce gaba ne, kuma shi na fi so, don da shi za ka mayar da akwatin adireshi yaron aikenka. Yana aiki a Chrome da Edge na kwamfuta, da Firefox ta waya.

A Chrome ta kwamfuta ka koma Search engine, ka danna Manage search engines and site search, ka gangara zuwa Site search, ka danna Add. Akwatuna uku za su fito: suna, gajeren harafin kira, da adireshi. A na farko rubuta abin da za ka gane, misali Google Najeriya. A na biyu rubuta ng. A na uku rubuta wannan daidai yadda yake:

https://www.google.com/search?q=%s&gl=ng&hl=ha

Alamar %s ita ce gurbin da kalmominka za su shiga. gl=ng yana cewa ƙasar Najeriya ce, hl=ha yana cewa fuskar ta zo da Hausa; mai son Turanci ya mayar da ha zuwa en. Adana, sannan ka danna ɗigo ukun da ke gefen sabon layin ka zaɓi Make default. Amfaninsa a kan mataki na 6 shi ne umarnin yana cikin adireshin kansa, share bayanai ba ya goge shi.

Da irin wannan hanyar za ka yi wa kanka yanke zuwa shafukan da ka saba da su. Mai neman kayan hannu a Jiji ya ƙara wani da harafin j da wannan adireshin:

https://www.google.com/search?q=site:jiji.ng+%s

Mai bin labaran Hausa ya sa site:bbc.com/hausa a gurbin site:jiji.ng. Ɗalibi mai son Wikipedia ta Hausa ya yi amfani da wannan:

https://ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s

Yadda ake kira: ka rubuta harafin a akwatin adireshi, ka danna Tab ko ka ba da tazara, sannan ka rubuta abin da kake nema. Wato j, tazara, janareto. Waɗannan na yanke kada ka mayar da su na dindindin, in ba haka ba duk abin da ka tambaya cikin shafi ɗaya za a nemo maka.

A Firefox ta Android hanyar ita ce ɗigo uku, Settings, Search, Default search engine, sai Add search engine, ka zuba suna da adireshin.

Wanda ba ya son duk wannan yana iya rubuta umarnin da hannu a kowane bincike, a kowace waya. Ka ƙara site:.ng a ƙarshen tambayarka, shafukan da adireshinsu ya ƙare da ng kawai za su fito. Ka ƙara site:gov.ng, na gwamnati kawai.

Hattara: kuskuren da aka fi yi a nan guda uku ne. Mantawa da %s, sa tazara a tsakiyar adireshi, da kibod ɗin waya da ke mayar da harafin farko babba ko ya "gyara" maka kalma. Karanta adireshin sau biyu kafin ka adana. Sannan site:.ng yana zubar da shafukan gida da yawa, don Nairaland, Konga, Daily Trust da Punch duk da com adireshinsu ya ƙare. Tankaɗe ne, ba a tankaɗa kowane gari da shi.

Mataki na 8: Gwada kafin ka ajiye wayar

Rufe burauzar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Rubuta kalma ɗaya a akwatin adireshi, ba a cikin shafi ba, ka ga sunan wa ya fito a sama. Idan naka ne, mataki na 4 ko na 5 ya zauna.

Sai gwajin wuri. Rubuta Blue Line kawai. Injin da ya san kana Legas zai fi karkata ga jirgin ƙasan da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Wanda ya zaci kana wata ƙasa zai kawo maka jiragen biranen da ba ka taɓa zuwa ba, don sunan ya yi yawa a duniya. Daga nan ka gangara can ƙasan shafin Google, yakan rubuta wurin da yake zaton kana, da ɗan linkin sabunta wurin a gefensa.

Ka gwada da Hausa ma. A nan akwai matsalar haruffa masu lanƙwasa: wasu shafuka suna rubuta ƙasa, wasu kasa, wasu k'asa. Idan ka nema da ɗaya ba ka gamsu ba, sake da ɗayan. Kibod ɗin Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa, da ƙ da ɗ da ɓ a shirye. Tun 2024 kuma Google ya sa Hausa cikin harsunan binciken murya, abin da ya sauƙaƙa wa waɗanda rubutun boko ke ba wahala. Sai dai a tsakiyar hayaniyar Oshodi ba abin da zai ji, ka nemi gefe.

Hattara, kuma wannan ta fi kowace muhimmanci: ko wane injin ka zaɓa, layukan farko sau da yawa talla ce, za ka ga an rubuta Sponsored ko Ad a kansu. Kuɗi aka biya suka hau sama, ba gaskiyarsu ce ta kai su ba. Idan fasfo kake nema, ko lambar NIN, ko rajistar JAMB, dubi adireshin da kyau. Shafin gwamnati da gov.ng yake ƙarewa kafin sandar farko mai karkata (/) da ke bin sunan shafin, kamar nimc.gov.ng ko jamb.gov.ng. Idan ka ga gov.ng a tsakiya, wani abu kuma ya biyo baya kafin sandar, fita. Kada ka sa lambar katinka a wurin.

Mataki na 9: Idan ya koma da kansa

Ka gyara yau, gobe ka tarar da wani baƙon injin mai tarin talla ya dawo. Ba kai ka yi kuskure ba, akwai abin da ke mayar da shi.

Na taɓa sayen kwamfutar cinya ta hannu, mai shagon ya yi mini kyautar zuba manhajoji, har na yi ta godiya. Na kwana uku ina canza injin yana komawa, sai da na leƙa cikin 'yan maƙale-maƙalen da ake liƙa wa burauza na tarar da guda biyu da ban san da su ba, ɗaya wai na saukar da bidiyo, ɗaya na juya fayil zuwa PDF. Su ne ɓarayin. A Chrome ka rubuta chrome://extensions, a Edge edge://extensions, ka cire duk wanda ba kai ka sa ba. Daga nan ka duba jerin manhajojin kwamfutar, ka jera su bisa ranar da aka sa, ka ga abin da ya shigo a ranar da matsalar ta fara.

Idan bai daina ba, shiga Settings na Chrome, Reset settings, ka zaɓi Restore settings to their original defaults. Ba zai taɓa kalmomin sirrin da ka adana ba, ko tarihinka, ko shafukan da ka yi wa alama, amma zai kashe duk maƙale-maƙalen ya share ƙananan bayanan shafuka, don haka sai ka maimaita mataki na 5 da na 6.

A waya yawanci wata sabuwar burauza ce ta shigo ta bayan gida tare da wani wasa ko manhajar da aka turo maka ta Xender, ta naɗa kanta mai buɗe linki. Koma Default apps ka mayar da taka, ka goge baƙuwar.

Hattara: idan ka ga an rubuta Managed by your organization a ƙasan jerin Chrome, kuma wurin canza injin ya yi fari ba ya dannuwa, dubi kwamfutar ta wace ce. Idan ta ofis ce ko ta makaranta, haka masu ita suka tsara, ka bar ta. Idan taka ce ta kanka kuma ba ka taɓa ba wani kamfani ita ba, to wata muguwar manhaja ce ta kafa wa burauzar doka, Reset kuma ba ya cire irin wannan. Kwashe muhimman fayilolinka a filashi, ka sa Windows Security ya yi cikakken bincike, in ya ƙi sai ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi. Ka zauna a gefensa har ya gama, kuma kada ka karanta masa kalmar sirrin imel ɗinka ko ta banki, aikin ba ya buƙatarsu.